Kafin ka sayi kyamara, ka fara sayen kwana

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka gama bautar ƙasa ka ɗan tara wani abu, kana so a Disamba ka zaga Zariya da Yankari, ka gangara Badagry, in kuɗi sun kai ka leƙa Ghana, amma hotunan da kake ɗauka da waya basa maka daɗi, sama ta fito fari fat, fuskar mutane ta yi duhu, gini kuma kamar an liƙa shi a takarda, shine kake tambaya wace kyamara ya kamata ka saya.

Toh amsar da zan baka ba lallai ta maka daɗi da farko ba, amma wallahi ita ce abinda na gani da idona tun ina ɗaukar kamu da walima a nan cikin Kaduna har yawo ya shiga jinina. Kar ka zuba kuɗinka a kyamara, ka zuba su a kwana. Duk garin da zaka je ka ƙara masa dare ɗaya akan yadda ka tsara, yadda asuba zata same ka a wurin, magariba ma ta same ka a wurin. Matsalolin nan uku da ka lissafa abu ɗaya ne ya haife su, lokacin da kake ɗaukar hoton. Mutum ya shiga mota a Kawo ƙarfe tara, kafin ta cika a tashi a isa Zariya sha ɗaya ta yi, kafin ya sha ruwa ya gaisa da mutane rana ta take tsaka, a lokacin ne zai ciro waya. Ko kyamarar miliyan nawa ka riƙe a wannan lokacin abinda zata baka kenan, rana na bisa ka, inuwa ta faɗa cikin idon mutum da ƙarƙashin hularsa, bango ya baje ba tudu ba kwari.

Kaga mu nan Kaduna wajen digiri 10 muke arewa da layin da ya raba duniya biyu, dan haka rana bata jan ƙafa, tana fitowa take miƙewa sama, ba kamar ƙasashen Turai da hasken yamma yake daɗewa ba. A Disamba tana fitowa wajen bakwai saura kwata, ta faɗi shida da 'yan mintoci. Hasken da kake nema daga fitowarta ne zuwa kamar takwas da rabi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Ni da lokutan sallah nake tsara aikina, na yi asuba na fita, hantsi ya yi na dawo na karya, tsakar rana na shiga cikin gini ko kasuwa mai rumfa ko na kwanta abina, na yi la'asar na sake fita. Bayan faɗuwar rana akwai wasu mintoci kamar sha biyar zuwa ashirin da sama take yin shuɗi mai kyau fitilu sun fara kamawa, in ka yi magariba a masallacin da yake kusa da inda kake zaka iya riskar ƙarshensa.

Bari na daɗe akan Zariya tunda da ita zaka fara, kuma a ganina duk wanda ya iya ɗaukar ginin ƙasa na Hausa ya iya ɗaukar kowane gini. Adon da magina suke yi a fuskar soro, dagin nan da sauran zane, ba fenti kaɗai bane, tudu ne da kwari aka yi da hannu a jikin bango. Abinda yake fito da shi a hoto inuwa ce, kuma inuwar bata samuwa sai haske ya zo ta gefe yana shafar bangon. Dan haka da ka isa da rana kar ka ɗauki komai, ka zaga kawai, ka duba wace ƙofa ce take kallon gabas wacce take kallon yamma, ka riƙe a ranka, mai kallon gabas ta safe ce, mai kallon yamma ta la'asar ce. Ka je ƙofar fada, ka bi ta Ƙofar Doka da sauran ƙofofin gari da ragowar ganuwa, ka ɗaga kai ka kalli zankwaye da indararo. Zanko idan ka tsuguna ka ɗauke shi sama na bayansa shi kaɗai ma hoto ne. Masallacin Juma'a na Zazzau kuwa, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, kuma har zuwa 2023 da wani sashe na masallacin ya rufta, tsohon ginin da bakan gizonsa yana nan a ciki, an lulluɓe shi da sabon gini daga waje, wanda bai sani ba zai wuce ya zata ba komai. In har ana iya shiga, ka nemi izini wurin masu kula da shi, ka shiga ba lokacin sallah ba, ka kashe filasha, ka jingina da ginshiƙi dan hannunka ya daina rawa. Ka tsaya ka kalli yadda aka lanƙwasa azara da ƙasa suka ɗauki rufi mai nauyi haka ba ƙarfe ba siminti, in ka fahimci yadda abin yake tsaye zaka san inda zaka tsaya ka ɗauka. In ka samu ƙarfi da yamma ka nufi wajen Dutsen Kufena, duwatsun suna yin ja idan rana ta sunkuya.

Maganar sama mai fari da fuska mai duhu, wannan matsalarmu ce mu baƙaƙen fata musamman in mutum ya sa farar shadda. Waya tana rasa wanda zata bi, ko rigar ko fuskar ko saman. Ka taɓa sikirin a wurin da ya fi haske, ka danne har ya kulle, sannan ka ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan, domin wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom, amma wurin da ya ƙone ya yi fari fat ya tafi kenan ba abinda zai dawo da shi. In mutum kake ɗauka ka cire shi daga rana gaba ɗaya, ka tsayar da shi a bakin zaure yana kallon waje, hasken da yake dawowa daga ƙasa zai cika masa fuska, bayansa kuma duhun zauren, irin wannan hoton ko da Tecno ko Infinix ka ɗauka mutane zasu tambaye ka da me ka ɗauka. Ka riƙa goge gilashin kyamarar wayar da gefen riga mai laushi duk sanda ka ciro ta daga aljihu, maiƙon hannu shine yake sa hoto ya yi kamar hayaƙi. Kar ka ja zum da yatsa, ka taka da ƙafarka. Gini kuma in ka matso kusa ka karkata waya sama zai fito kamar zai faɗi da baya, ka ja baya, ka riƙe wayar a miƙe, ka bar fili, daga baya ka yanke. Sannan ka jira mutum ya shigo hoton, mai keke ko dattijo da sanda ko yara 'yan makarantar allo suna wucewa ta ƙofar gari, shine zai nuna girman ƙofar, kuma shine zai nuna garin nan da ransa ba kufai bane.

Amma nan sai da kula. Dan Allah kar ka zama irin mutanen da suke cusa wa bayin Allah waya a fuska. Ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi ko kai waye da abinda zaka yi da hoton. Matan aure da 'yan mata kar ka ɗauka sai da yardarsu a fili, yara ka tambayi babba, almajiri da mabaraci ba kayan ado bane da zaka ɗora a Instagram dan a ce ka iya. In aka ce a'a ka yi godiya ka sauke waya. Ni abinda ya fi buɗe min ƙofa shine in na koma gari na kan wanke hotunan mutanen da na ɗauka na kai musu a hannu, wani dattijo maɗinkin hula da na kai wa nasa har cikin gida ya shigar da ni ya nuna min soron kakansa, wanda da kuɗi bazan taɓa ganinsa ba.

Kuma tun kafin Disamba kana da wurin koyo a nan gida, baka buƙatar kuɗin mota mai yawa. Ka je Gamji bakin kogin Kaduna da sassafe, gadar Lugard tana nan, wacce aka fara kafawa a Zungeru a 1904 daga baya aka ɗauko ta aka kawo nan, ƙarfen gada da ruwa da bishiyoyi sun ishe ka koyon layi da inuwa. Akwai Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna. Akwai gidan tarihi na titin Ali Akilu inda zaka ga kayan Nok, sassaken yumɓun nan da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 a ƙauyen Nok da yake cikin Jaba, ka tambaya ko an yarda a ɗauka, in an yarda ka manna waya a jikin gilashin akwatin sai ƙyallin ya ɓace. Kasul ɗin Kajuru da wani Bajamushe ya gina da dutse sai an kama wuri tun kafin a je. Matsirga ta wajen Kafanchan ruwan yana zubowa daga kusan mita 30, amma ƙarfinsa da damina ne, a Disamba ya ragu. Su waɗannan na bayan gari, har da dajin Kamuku na Birnin Gwari, kar ka kama hanya sai ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a satin, ba hoton da ya kai ranka. Sannan ka san Kaduna garin sojoji ne, bariki, shingen bincike, ofishin jami'an tsaro, ko da wasa kar ka ɗaga waya a wurin. Lugard Hall ma majalisar jiha ce a ciki, ka tambayi masu gadi tukuna. Diron kuwa, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto, ka ajiye tunaninsa a wannan tafiyar, tashinsa yana buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Disamba hunturu ne, wannan zai shafe ka ta hanya biyu. Ranar da hazo ya sauka sama bazata yi shuɗi ba ko me ka yi, dan haka kar ka yi faɗa da ita, ka rage saman a hoton, ka matsa kusa, ka ɗauki ƙofa da hannun masaƙi da fuska, hazo yana tausasa haske har tsakar rana ma sai ka samu hoton mutum mai kyau. Kuma hazo yana jera abubuwa, bishiyar kusa baƙa, ta bayanta toka-toka, dutsen nesa kamar inuwa, rana kuma ta zama jan faifai da zaka iya kallo da ido, wannan kyau ne da damina bata da shi. Ta ɗaya hanyar kuma ƙura ce. In ka samu kyamara kar ka taɓa canza lens, wato gilashin gabanta, a fili iska na kaɗawa, ka shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa ka canza da sauri, in ba haka ba duk hoton da sama ta fito zaka ga ɗige-ɗige.

Yankari ita ce wuri ɗaya a tafiyarka da zan ce waya bazata ishe ka ba, in dabbobi kake so. Dabba bata matsowa, kuma duk wanda ya matsa wa giwa ko ɓauna dan hoto ya ɗauki ransa a hannu. Kana buƙatar lens mai jawo nesa, ko 70-300 ne, kuma wannan aro ko haya zaka yi na kwana uku wurin masu hoton biki, ba saye ba. Ka sa gudun shota, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa saboda motar na girgiza dabbar na motsi, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau, hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi hoton da ya yi rawa. Rani shine lokacinta domin ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa wajen kogin Gaji, kuma ƙarshen rani ya fi Disamba, amma zaka ga gwambaza da mazo da gadu da bika da tsuntsaye, giwa kuma sai an dace, dajin ya fi murabba'in kilomita 2,000, kar ka sa rai da yawa har ka kasa ganin abinda yake gabanka. Ka shiga fitar safe ta farko. Birai suna yawo har cikin masauki, kar ka ajiye jaka a buɗe. Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garau yake kana ganin yashin ƙasa, ka sauka da asuba kafin mutane su cika shi, a sanyin hunturu wani lokacin zaka ga tururi yana tashi a samansa, wannan waya ma zata ɗauka.

Yanzu bakin teku, inda 'yan Arewa muka fi yin asara saboda komai nasa baƙo ne a wurinmu. Abu na farko da ba wanda ya gaya min sai da na je, gaɓar tekun Najeriya da Benin da Togo da Ghana kudu take kallo. Hoton nan da kake gani rana tana nutsewa cikin ruwa tsaf a gabanka, na wuraren da suke kallon yamma ne irin su tsohon garin Zanzibar. A Badagry in kana fuskantar teku rana ta hannun damanka zata faɗi, tana bin gaɓa, dan haka ka juya ka ɗauki tsawon gaɓar, bishiyoyin kwakwa da jiragen masunta su zama baƙar inuwa a gaban hasken. A Cape Coast da Elmina na Ghana fitowar rana ce ta fi faɗowa ta wajen ruwa, kuma ka tuna agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, shida na safe gari ya waye, kafin shida na yamma rana ta tafi. Layin da ruwa ya haɗu da sama kuma ka tabbata a miƙe yake, ka kunna layukan giridi a waya, teku baya karkata, in ya karkace a hoto ido yana ganewa nan take.

Na biyu laima da gishiri. Akwai wata safiya da har yau take min ciwo, na kwana a ɗaki mai esi, na fito da asuba masunta suna turo jirgi hasken ya yi yadda nake so, ina buɗe lens sai ya yi gumi ciki da waje, kusan rabin awa ina tsaye ban ga komai ta cikinsa ba, kafin ya washe rana ta hau. Gilashi mai sanyi in ya haɗu da iska mai ɗumi da laima haka yake yi. Maganinsa ka sa kyamarar a leda ka ɗaure tun a ɗaki, ka fito da ita waje ta yi minti ashirin ko talatin kafin ka buɗe, ko ka kashe esin tun cikin dare. Iskar teku kuma tana ɗauke da gishiri mai cin ƙarfe, kullum da dare ka goge kayanka da tsumma mai ɗan danshin ruwan sha, ka zuba 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi a cikin jakar, suna tsotse laima. Sannan dan girman Allah kar ka juya wa teku baya kana saita hoto, kuma kar ka shiga ruwa ya wuce gwiwa. Tekun wannan yankin yana da ja ta ƙasa, wanda ya iya iyo a kogin Kaduna bai iya wannan ba.

Abinda zai kai ka Badagry dai tarihi ne. Akwai benen da mishan suka gama a 1845 wanda ake kira bene na farko a Najeriya, akwai gidan Seriki Abass da ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi, sannan a tsallaka da kai a jirgin ruwa zuwa Gberefu ka taka hanyar da bayi suka taka har bakin teku inda daga nan ba dawowa. A Ghana kuma ginin Elmina, sansanin da aka riƙa tsare bayi, 'yan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Ina roƙonka ka shiga waɗannan wuraren kamar yadda zaka shiga maƙabarta. Kar ka ɗauka tarihin wasu ne, cikin mutanen da aka kwashe ta gaɓar nan akwai Hausawa, har a Bahia ta Brazil an san da su, kuma suna cikin bayi Musulmi da suka yi tawaye a can a 1835. Ni zagayen farko bana ciro kyamara, ina bin ɗan jagora ne ina saurare, sai na fito na zauna na huta sannan na nemi izinin komawa. A kurkukun ƙasa na Elmina duhu ne, hasken ta wata 'yar kafa yake shigowa can sama, kar ka kunna filasha, filasha zata haske ɗakin ta ƙaryata abinda mutanen suka gani. Ka bar duhun yadda yake, ka saita hasken akan kafar, ISO 1600 ko 3200, ka danne gwiwar hannu a bango ka riƙe numfashi ka latsa. Sannan ka hau sama ɗakin gwamna ka ɗauki manyan tagoginsa iska na shigowa teku shimfiɗe a gaba, ka ajiye hotunan biyu kusa da juna, baka buƙatar rubuta komai a ƙasansu. Hoton kanka kana dariya a bakin ƙofar da aka fitar da mutane zuwa jirgi, wannan ka bar shi.

Bangon ginin Elmina fari ne tas, da tsakar rana yana kashe ido yana ƙona hoto, na waje sai safe ko yamma. In kana son Elmina gaba ɗaya a hoto ɗaya ka hau tudun da ke fuskantarsa inda ƙaramin sansanin St. Jago yake, daga nan zaka ga ginin da gada da bakin ruwan Benya cike da jiragen masunta masu fenti kala-kala da tutoci. Ranar Talata masuntan wurin basa fita teku, al'adarsu ce, dan haka in jirage kake so a jere a gaɓa ana gyaran koma, Talata ce ranarka, in kuma hayaniyar sauke kifi kake so ka zaɓi wata ranar da sassafe. Matan da suke sayar da kifi basa son a ɗauke su ba tambaya kuma suna da gaskiya, ka sayi wani abu, ka yi hira, sannan ka roƙa. Sauƙin da kake da shi wanda Bature bashi da shi, kusan kowane babban gari a Ghana akwai zango, kuma da Hausa ake magana a zango, tun zamanin da fatake suke zuwa Gwanja sayen goro, ka je masallacin zango ka yi sallah ka gabatar da kanka, zaka samu wanda zai raka ka ya yi maka tafinta. Biza ba'a buƙata tunda ƙasashen ECOWAS ne, amma ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Dajin Kakum yana kusa da Cape Coast, gadojin igiya a saman bishiyoyi, suna lilo sosai, ka rataya kyamara a wuya ka sa shota mai sauri, waya kuma ka sa mata igiya a hannu.

In bayan duk wannan har yanzu akwai ragowar kuɗi kuma ranka na kan kyamara, toh ka sayi ta hannu, tsohuwar Canon ko Nikon da lens ɗinta na 18-55 ta isa, in ka ƙara lens na 50mm f/1.8 ka gama da hoton mutane da na cikin duhu. Ka je da wanda ya sani, a duba adadin hotunan da shotar ta buga, a haska tocila ta cikin lens a ga ko akwai funfuna kamar saƙar gizo-gizo, kayan da suka zauna a Kudu suna yawan yin haka. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata gyara ba, in zaka iya gyara. Batir biyu, fawa bank, da memori biyu matsakaita maimakon ɗaya babba, kuma ka saya a wurin da ka yarda da shi, na taɓa sayen jabu a wani shago ya cinye min aikin kwana biyu, ban samu ko hoto ɗaya ba. Kullum da dare kafin ka kwanta ka kwafe hotunan ranar zuwa waya ko Google Drive. In zaka tura wa mutum a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi ya kashe masa kyau.

Ga abinda nake so ka yi wannan Asabar ɗin. Ka je Gamji da wayar da take hannunka, ka zaɓi abu ɗaya, ko gadar ce ko bishiya ɗaya a bakin ruwa, ka ɗauke shi ƙarfe bakwai na safe, ka koma sha biyu na rana, ka sake komawa biyar da rabi na yamma, daga wuri ɗaya ba tare da ka canza tsayuwa ba. Ka turo min ukun a dokumen mu duba tare, sannan ka turo min jerin garuruwan da kwanakin da ka ware wa kowanne, inaga Badagry da Elmina zamu ƙara wa dare ɗai-ɗai, in kuɗin basu kai ba mu cire Ghana a wannan karon ka yi ukun farko a natse.